Feshi Biyu a Iska

Duk garejin babu mai kiransa da sunan da aka raɗa masa. Mai Feshi ake ce masa, har matarsa idan ranta ya ɓaci. Rumfarsa ce ta ƙarshe, can bayan ta Mai Walda, an kewaye ta da tsofaffin langalanga da wata yagaggiyar tamfol don kada ƙura ta sauka a kan ɗanyen fenti. Tamfol ɗin nan tana aikinta tsakani da Allah, ƙura ba ta shiga, iska ma ba ta shiga. A nan yake wuni da bindigar feshi a hannu, kwamfuresa na gurnani a gefe, tururin fenti na tashi yana sauka a girarsa. Idan ka haɗu da shi da yamma ba sai ka tambaye shi aikin da ya yi ba, gemunsa zai gaya maka kalar motar.

Tun yana ɗan saurayi ya shiga sana'ar, da gugar sanfefa ya fara. A faɗi gaskiya Allah ya yi masa hannu. Motar da ta sha wahalar duniya, idan ta fito daga rumfarsa sai mai ita ya yi ta zagaya ta yana murmushi shi kaɗai. Yana iya ɗaga gwangwani a rufe, ya auna shi a tafin hannu, ya gaya maka iya abin da ya rage a ciki, kuma a buɗe a tarar haka ne. Akwai kuma wata ɗabi'a da ya gada wurin ubangidan da ya koya masa aiki. Kafin fenti ya taɓa jikin mota sai ya girgiza bindiga, ya juya bakinta gefe, ya fesa sau biyu a iska. Fis, fis. A wurinsa duk wanda ya fara aiki bai yi wannan ba, ɗan koyo ne ko da ya yi furfura.

Abu ɗaya ne ba ya ga maciji da shi a sana'ar, wato firaima, fentin ƙarƙashi da ake shafawa kafin a zuba kala. Ya ce tunda yake bai taɓa ganin mai mota ya zo ya yaba fentin ƙarƙashi ba. Saboda haka yakan ɗan gilma shi inda ido zai iya kaiwa, sauran jikin motar kuwa ya bar wa Allah. Damina ɗaya sai fentin ya fara kumbura yana ɓarewa. Idan mai motar ya dawo da faɗa, laifin rana ne, ko na masu wankin mota, ko na irin sabulun da ake yi yanzu. Yana da baki, kuma bakin nan ya fi firaima rufe tsatsa.

Sai kuma maganar ƙirji. Mahaifiyarsa ta yi fama da fuka har ta koma ga Allah, shi ma tun yana yaro idan ya yi gudu sai a ji ƙirjinsa na fito. Amma kada ka kuskura ka ce masa yana da asma. Sanyi ne ya shige shi, in ji shi, kuma sanyin nan ya kai shekara talatin yana shirin fita. Maganinsa gwangwanin madara bayan an tashi aiki, wai tana wanke fentin da ya kwanta a huhu. Yadda madarar da ta bi ta ciki take zagayowa ta wanke huhu, wannan ba a tambaya, don tambayar na jawo dogon bayani. Yana da takunkumi mai kyau, rataye a ƙusa cikin ledarsa, yakan saka shi idan wani babban mutum ya zo duba motarsa. Taba kuwa, ya sha rantsewa shi ba mashayinta ba ne, hujjarsa ita ce bai taɓa saye ba. Ta Mai Walda yake karɓa idan ta kai rabi.

Wata shekara yana tsakiyar fesa wata farar bas sai ya sulale ya zube a gindin taya. Bai san inda kansa yake ba sai da ya farka a asibiti, a ɗakin nan da ba a barin 'yan dubiya su shiga, an zura masa bututu a maƙogwaro. Matarsa ta yi kuka har idonta ya kumbura. Shi kuwa da ya dawo gareji sai labarin ya zama na jarumta. Likitoci sun taru a kansa, in ji shi, babbansu ya ce da wani ne da tuni an wuce wurin. Wannan kam likitan ya faɗa. Abin da Mai Feshi ke tsallakewa shi ne ragowar maganar. Likitan ya zaunar da shi ya ce wanda ya taɓa kwanciya a wannan ɗaki ya fi kowa kusa da komawa cikinsa, kuma ba kowa ke fitowa sau biyu ba. Ya ce ya rabu da taba, ya rabu da shaƙar fenti, in kuma ba zai iya barin sana'ar ba to ya buɗe rumfar, ya riƙa sa takunkumi.

An sallamo shi da abin shaƙa guda biyu, wanda ake kira inhela. Ɗaya shuɗi, ɗaya ruwan ƙasa. Nas ta yi masa bayani dalla-dalla. Mai ruwan ƙasan safe da yamma ake shaƙa, ko kana lafiya ko ba ka lafiya, shi ke kwantar da kumburin hanyar numfashi a hankali. Shuɗin kuwa na taimakon gaggawa ne, yana buɗe ƙirji na ɗan lokaci amma ba ya taɓa ciwon. Mai Feshi ya gyaɗa kai kamar ya ji.

Da ya isa gida ya gwada su kamar yadda yake gwada kayan aiki. Ya shaƙi mai ruwan ƙasa, ya tsaya ya saurara, bai ji komai ba. Ya shaƙi shuɗi, nan take ƙirji ya buɗe. Shi ke nan shari'a ta ƙare. Ya raɗa wa shuɗin suna Jarumi, ya ba shi aljihun gaba. Mai ruwan ƙasa ya zama Malalaci, aka jefa shi a durowa tare da matattun batura da makullan da ba a san ƙofarsu ba. Matarsa, wadda ta san sirrin sana'arsa fiye da masu motoci, ta ce masa ai wannan Malalacin shi ne firaimar ƙirjinsa, shi ya sa jininsu bai haɗu ba. Ya yi dariya har da tari, ya ce mata ta iya magana, amma bai buɗe durowar ba.

Jarumi kuwa ya ga ta kansa. Ana shaƙarsa kafin feshi, ana shaƙarsa bayan feshi, ana shaƙarsa bayan rabin tabar Mai Walda. Kuma kowane lokaci sai an yi masa ladabin sana'a, a girgiza, a juya bakinsa gefe, fis, fis a iska, sannan a kai baki. Rabin maganin tamfol ce ke shanye shi. Mai kemis na bakin titi ya gaji da ganinsa, wata rana ya ce masa duk mutumin da ke ƙarar da shuɗi cikin wata guda, ciwonsa ya fi ƙarfin shuɗi, ya koma asibiti. Mai Feshi ya ɗauki maganar a matsayin yabo. Ya je gareji yana ba da labari cewa ƙirjinsa ba ƙaramin ƙirji ba ne, maganin da ke yi wa wasu rabin shekara shi ko wata ba ya yi masa.

'Ya'yansa maza sun taso ƙalau, ko tarin kirki ba sa yi. Auta ce ta ɗauko ƙirjin. 'Yar siririya ce mai manyan idanu, tana aji uku a firamare, kuma duk duniya babu wanda take gani da girma kamar ubanta. Tafiyarsa take yi, hannu a baya. Idan ta ɗauki kofi sai ta auna shi a tafin hannu ta sanar da gidan abin da ya rage. Shi ma a kanta ne kawai zuciyarsa ke narkewa. Ranar da ciwon ya fara kama ta aka kwantar da ita, an gan shi a bayan ɗakin jinya yana share hawaye da hannun riga, da aka tambaye shi ya ce tina, ruwan tsinka fenti, ce ta shiga idonsa, alhali rabonsa da rumfa tun jiya.

Ita ma biyu aka ba ta, shuɗi da ruwan ƙasa. A nan uwar ta ja layi. Ta ce shi babba ne, in ya ga dama ya shaƙi fenti har ya koma kalar mota, amma 'yarta ba za ta bi sahunsa ba. Safe da yamma take tsare Auta a gabanta ta shaƙi mai ruwan ƙasa ta kurkure baki. Shuɗin kuma ta ɗinka masa ɗan aljihu a cikin jakar makaranta, ta ce ko ina Auta za ta, da jakar za ta. Sai dai yaƙin ya yi mata yawa, don a gida ɗaya ake wa'azi ake kuma warware shi. Auta ta fara kiran nata Malalaci. Idan uwar ta juya baya sai ta yi kamar ta shaƙa ta ajiye. Uban na gani, ya kanne mata ido ɗaya, su yi dariya ƙasa-ƙasa. A ganinsa wasa ne tsakanin uba da 'ya.

To, garejin nan yana da tsarinsa na aro. Ba a tambaya. Idan sifanarka ta ɓace sai ka miƙa hannu rumfar maƙwabci ka ɗauka, ka gama ka mayar inda ka gan ta, shi ke nan ka fita haƙƙi. Gwangwanin feshi ma haka ne. Ka yi amfani da shi iya son ranka, muddin ka danna ya ce fis, to da sauransa, ka mayar kan kanta da zuciya ɗaya. Kowa a garejin ya san gwangwani kan ci gaba da cewa fis bayan fentin cikinsa ya ƙare, iska ce kawai ke fita. Kowa ya sani, kuma kowa ya yarda kada a tayar da maganar, don zaman lafiya.

A wani mako aiki ya yi masa yawa, aka kawo masa motocin wani kamfani a jere. Ga sanyi-sanyin damina, mura ta zagaye gidan, ta kama shi ta kama Auta. Jarumi ya ƙare tun farkon mako. Zuwa kemis na nufin sake jin wa'azin mai kemis, shi kuwa ba ya da lokacin wa'azi. Da yamma, Auta na wasa a tsakar gida, uwar na kicin, ya ga jakar makaranta rataye a bayan ƙofa. Ya miƙa hannu kamar yadda yake miƙawa rumfar Mai Walda. Ya ce a ransa na yau kaɗai.

Na yau kaɗai ya zama na kowace yamma da kowace safiya. Yakan shaƙa a bayan gida kada a ji, bai kuma fasa bai wa iska rabonta biyu ba. Ranar Asabar da safe, da zai mayar, ya auna shi a tafin hannu ba tare da ya yi niyya ba, hannun ne ya saba. Ya ji shi sakayau. Ya tsaya jim. Sannan ya girgiza, ya juya bakinsa gefe ya danna. Fis. Ya ce to alhamdulillahi, da sauransa. Ya mayar da shi cikin ɗan aljihun da uwar ta ɗinka, ya ja zif, ya ƙudurta cewa zai biya ta kemis da yamma idan ya tashi.

Da azahar yana kan mota ta ƙarshe, wata ja. Ya rufe tamfol ruf saboda iska na kaɗawa. 'Yan mazan sun tafi ƙwallo, saboda haka Auta ce ta nace ita za ta kai wa Baba abinci. Uwar ta hana saboda murar, ta yi ta magiya har aka bar ta, bisa sharaɗin ta rataya jakarta, ta miƙa daga waje ta juyo. Amma Auta ba ta iya ganin ubanta na aiki ta juya. Ta ɗaga gefen tamfol ta shige, ta tsaya a bayansa da kwano a hannu tana kallon yadda jan fenti ke kwanciya. Ƙarar kwamfuresa ta hana shi jin shigowarta. Bai san tsawon lokacin da ta yi a wurin ba.

Da ya kashe injin sai ya ji fito, kuma ba daga ƙirjinsa ba. Ya waiga ya gan ta durƙushe, ta ajiye kwanon a hankali don kada ya zube, kafaɗunta na hawa suna sauka. Ta riga ta ciro shuɗin daga jaka. Yana kallo ta girgiza shi, ta juya bakinsa gefe, ta fesa biyu a iska kamar ƙwararriya, sannan ta kai baki. Ta shaƙa, ta jira. Ta sake shaƙa. Ta ɗago manyan idanun nan ta dube shi, ba tsoro a cikinsu tukuna, mamaki ne kawai, don Jarumi bai taɓa ba ta kunya ba.

Ya fizge shi daga hannunta ya girgiza da ƙarfi, kamar girgiza za ta haifar da abin da babu. Ya sa mata a baki ya danna, ya sake dannawa. Fis ɗin na fita lafiya lau. Ya laluba aljihun gabansa, ya ciro nasa da ya san fanko ne, shi ma ya danna mata. Leɓenta ya fara sauya launi. Fiton ma ya fara yin ƙasa, kuma shi da ya taɓa zubewa a gindin taya ya san wannan shirun ba sauƙi ba ne.

Ya sunkuce ta ya fito yana kiran Mai Walda, muryar ba ta fita sosai don nasa ƙirjin ma ya ɗaure. Mai Walda ya yar da abin da ke hannunsa. Babu motar da ke kusa mai tashi sai jar nan, ɗanyen fenti na sheƙi a jikinta. Mutumin da ko ƙuda ba ya bari ya sauka a kan aikinsa, shi ne ya dafa ƙofar da tafin hannu ya buɗe, ya shige baya da 'yarsa a ƙirji, Mai Walda ya ja motar. Duk hanya yana ce mata ta yi haƙuri, saura kaɗan. Hannunta dai na riƙe da wuyan rigarsa.

A asibiti aka karɓe ta da gudu aka rufe ƙofa. Ƙofar ya sani, ya taɓa kwana a bayanta. Yanzu ya ga yadda take daga waje, inda matarsa ta taɓa tsayawa. Ba a jima ba sai ga matar ta iso, mayafi a karkace. Wata nas ta fito da tambayoyi. Yarinyar na shan mai ruwan ƙasa kullum? Uwar ta ce safe da yamma, a gabanta. Mai Feshi ya sunkuyar da kai. An taɓa kwantar da ita? An taɓa. Akwai mai shan taba a gida? Uwar ta dubi mijinta. Sai nas ta ɗaga shuɗin ta ce wannan babu ko ɗigo a cikinsa, yaron da ke ƙarar da shuɗi haka ai tuni ya kamata a kawo shi. Uwar ta ce ba zai yiwu ba, sabo ne, ita da kanta ta sa shi a jaka, kuma Auta ba ta fi sau ɗaya ko biyu ta taɓa shi ba.

Tana faɗin haka sai ta miƙa hannu. Ta karɓi abin daga hannun nas ta juya shi. A gindinsa, inda babban yatsa ke zama, akwai tabon fenti kala-kala, fari da kore da ruwan toka, kalolin motocin kamfanin nan na duk mako. Ta ɗago ta dube shi. Ya buɗe baki, bakin nan da ya kare shi daga masu motoci shekara da shekaru, ya nemi rana, ya nemi sabulu, ya nemi masu wankin mota, bai sami kowa ba. Ba ta yi masa faɗa ba. Ta sa masa abin a tafin hannu, ta naɗe yatsunsa a kai.

"Auna min," ta ce. "Kai ne gwani."

Allah ya yi da sauran kwanan Auta. Sai washegari da hantsi aka bar su suka shiga, ɗaya bayan ɗaya. Uwar ta fara, ta daɗe, ta fito ta wuce shi ba ta kalle shi ba. Ya shiga a hankali. Tana kwance, an sa mata abin ƙarin numfashi a fuska, ta ƙara ƙanƙancewa a cikin gadon. A kan ɗan teburin gefe an ajiye sababbi guda biyu, shuɗi da ruwan ƙasa. Ya ja kujera ya zauna. Ya kwana yana shirya abin da zai ce mata, amma da ya zauna ƙirjinsa kaɗai ke ta fito a ɗakin.

Ta janye abin fuskar kaɗan. Muryarta ta dushe.

"Baba, na yi yadda kake yi. Na gwada shi ya ce fis."

"Na gani, Auta."

"To me ya sa bai yi ba?"

Ya kau da kai. Ta saurari numfashinsa, kamar yadda ta saba sauraron duk abin da ya fito daga gare shi. Sai ta miƙa hannun da aka maƙala wa allura, ta tura sabon shuɗin zuwa gefen teburin da yake.

"Ƙirjinka na kuka. Ɗauki nawa, ba zan gaya wa Mama ba."

Ya dubi abin. Cike yake, ko bai ɗaga ba ya sani, kuma ƙirjinsa na roƙonsa. Ya sa yatsa ɗaya, mai jan fenti a farce, ya mayar da shi gabanta. Ya gyara mata abin fuskar, ya ce ta rufe ido ta huta. Sannan ya tashi ya fita, yana dafa bango, ya tambayi nas ɗin da ke bakin ƙofa inda masu asma ke bin layi.